Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Kamfanonin Fasaha Filin Ƙwallo da Dandalin Fim?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan yawancinsu sun karkata ne wuri guda, wato yadda manyan kamfanonin fasaha na duniya suka kutsa cikin harkar wasanni da fina-finai da waƙa. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri, kuma kamar yadda muka saba mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo shekara goma sha ɗaya ke nan. A da duk ranar Asabar benci cika yake yi har wasu su tsaya a bakin ƙofa, amma yanzu samari da yawa a waya suke kallo. Na kuma ji a rediyo cewa Amazon da Apple da Netflix sun shiga sayen wasanni. Me ya haɗa mai sayar da waya ko mai nuna fim da ƙwallo, kuma shin sana'armu ta zo ƙarshe ke nan? Daga mai gidan kallo, Funtuwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba son ƙwallo ne ya kawo waɗannan kamfanoni ba, mutanen da ke zaune a kan bencinka suke nema. Fim ana iya ajiye shi a kalla gobe ko jibi, ana iya tsallake tallan da ke cikinsa, ana ma iya zuwa wajen masu turi a bakin kasuwa a karɓe shi a waya da ɗan kuɗi kaɗan. Wasan ƙwallo kuwa da zarar alƙali ya busa tashi darajarsa ta zube, domin ba kowa ke zama ya kalli wasan da ya riga ya san sakamakonsa ba. Saboda haka wasanni suna cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda ke tara miliyoyin mutane gaban allo a lokaci guda, su zauna minti casa'in ba su motsa ba, kuma duk wanda ya mallaki wannan allo ya mallaki hankalin da masu talla ke biyan kuɗi a kansa.

Labarin Amazon ya fi fito da abin a fili. A 2018 ya sayi haƙƙin nuna wasanni 20 na gasar Firimiya a kowace kaka ga masu kallo a Birtaniya, ya fara nunawa a Disambar 2019. Wasannin da ya ɗauka na farkon Disamba ne da na kwanakin Kirsimeti, daidai lokacin da mutanen can ke tururuwar sayayya. Wanda yake son kallo sai ya shiga tsarin Prime, wanda shi ne kuma tsarin da ake kawo wa mutum kayan da ya saya har gida ba tare da ƙarin kuɗin aike ba, to da ya shiga don ƙwallo sai ya zarce da sayen takalma da littattafai. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya taɓa faɗa a bainar jama'a a 2016 cewa idan shirinsu ya ci lambar yabo, hakan yana taimaka musu wajen sayar da takalma. Ka ga ruwa ba ya tsami banza.

Apple a 2022 ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma ta dala biliyan 2.5 da gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, kuma shekara ɗaya bayan nan Lionel Messi ya koma Inter Miami, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar, sai mutanen da ba su taɓa damuwa da wannan gasa ba suka fara nemanta. YouTube yana biyan kimanin dala biliyan biyu a shekara kan wani rukuni na wasannin zari-ruga irin na Amurka. Netflix, wanda ya daɗe yana nuna ba ruwansa da wasanni, ya sauya ra'ayi bayan ya fara sa talla a 2022: ya biya dala biliyan biyar na shekara goma kan shirin kokawa na WWE, sannan a Nuwamban 2024 ya nuna damben Mike Tyson mai shekara 58 da Jake Paul mai shekara 27, wanda suna ya yi a YouTube kafin ya shiga dambe. Kamfanin ya ce a wani lokaci na'urori miliyan 65 ne ke kallo tare, kuma a daren jama'a da yawa sun yi ta ƙorafin hoto yana tsayawa. Wannan fa a Amurka ne, inda ba a ɗauke wuta a tsakiyar wasa.

Sai dai kada a ɗauka tsofaffin gidajen talabijin sun miƙa wuya. Da aka sake sayar da haƙƙin Firimiya na cikin Birtaniya, Sky da TNT Sports ne suka kwashe shi a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga kakar 2025, Amazon ya fita. Kuma haƙƙin nuna wasa yanki-yanki ake sayar da shi, don haka abin da Amazon ya saya a Birtaniya bai shafi dikodar da ke gidan kallonka ba. A nan SuperSport ne ke riƙe da shi.

Game da sana'arka, ban ga alamar ta zo ƙarshe ba, kuma dalilaina na lissafi ne. Kallon bidiyo mai matsakaicin kyau na cin kusan gigabait ɗaya a awa, mai kyau sosai yana iya kaiwa uku, wasa kuma da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Saurayin da ke son kallon wasa uku a mako ta halastacciyar hanya zai biya kuɗin wata, ya sayi data, ya kuma nemi inda zai yi caji, alhali a wajenka kuɗin shiga kawai zai bayar. Akwai kuma matsalar jinkiri, wadda na tabbata ka lura da ita. Hoton da ke zuwa ta intanet gunduwa-gunduwa ake aiko shi, kowace ta 'yan daƙiƙu, waya kuma sai ta tara wasu kafin ta fara nunawa, don haka yakan biyo bayan na tauraron ɗan'adam da rabin minti ko fiye. Na taɓa zama kusa da wani saurayi a kan dakalin shago yana bin wasa a waya, kunne toshe, ido a kan ɗan wasan da ke shirin bugun kusurwa, sai ihu ya tashi daga gidan kallon da ke tsallaken titi. Ya cire abin kunnen ya yi tsaki, domin ya san ƙwallo ta shiga tun ba a bugo ta a wayarsa ba. A zagaye na biyu na gan shi ya tsallaka. Abin da zai fi matsa maka shi ne kuɗin fetur na janareto tun bayan cire tallafi a 2023 da kuɗin watan dikoda, kuma a ganina mai gidan kallon da ya iya haɗa sola da batur ya rage rabin ciwon kansa.

Tambaya: Mu a nan Canal+ muke kallo, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma DStv. Yanzu an ce sun zama abu ɗaya. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne a wajen mallaka, ɗan'uwa. Canal+ na Faransa ya yi shekaru yana tara hannun jari a MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da GOtv da SuperSport, har a Satumban 2025 ya karɓi ragamar kamfanin. Ɗaya ya yi ƙarfi a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ɗayan a masu Turanci, kuma dukansu suna jin zafin gogayya da Netflix da YouTube, ga shi MultiChoice ya yi asarar masu biyan kuɗin wata sama da miliyan ɗaya a Najeriya cikin shekara biyu saboda faɗuwar naira da tsadar rayuwa. Amma haɗewar masu gida ba ta nufin katinka na Maraɗi zai buɗe tashoshin Katsina, domin haƙƙin nuna wasa na kowace ƙasa da kowane harshe daban aka saye shi. Abin da zan sa wa ido shi ne farashi, tun da idan masu sayarwa biyu suka zama ɗaya ba kasafai mai saye ke cin riba ba.

Tambaya: An ce a gasar cin kofin duniya ta Katar akwai na'ura a cikin ƙwallon da aka buga. Idan haka ne, me ya sa har yanzu ake tafka kuskure duk da VAR, wato tsarin taimaka wa alƙalin wasa da hoton bidiyo? Daga mai horar da yara ƙwallo, Jos.

Amsa: Malam, akwai ta. Ƙwallon Adidas da aka buga a Katar a 2022 tana ɗauke da wata 'yar na'ura a tsakiyarta, ta kamfanin Kinexon na Jamus, wadda ke aika bayanin motsin ƙwallon sau 500 a kowace daƙiƙa, har sai an yi wa ƙwallayen caji kafin wasa kamar waya. A ƙarƙashin rufin fili kuma akwai kyamarori 12 da ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa. Ta haka ake sanin ainihin lokacin da aka taɓa ƙwallo da inda kafaɗa ko gwiwar ɗan gaba take a wannan lokaci, shi ya sa ake kama satar gidan da ido ba zai gani ba. Ita ce ma ta raba gardama a wasan Fotugal da Yurugwai, inda Cristiano Ronaldo ya yi murna kamar ya taɓa ƙwallo da kai, na'urar ta nuna babu alamar taɓawa, aka bar wa Bruno Fernandes cinsa.

Kuskuren da ke faruwa iri biyu ne. Akwai abin da ake aunawa, kamar ko ƙwallo ta haye layi ko ɗan wasa ya yi satar gida, kuma a nan na'ura ba ta cika kuskure ba. Tun 2014 aka fara amfani da na'urar layin raga a gasar duniya, bayan abin kunyar 2010 da aka hana Frank Lampard na Ingila ƙwallon da ta shiga ragar Jamus ƙarara. Akwai kuma abin da sai an yi hukunci, kamar ko hannu ya buɗe fiye da ƙima, ko ƙeta ta kai ta jan kati, kuma wannan ra'ayin mutum ne ko da an maimaita masa hoton sau goma. Wani lokaci ma rashin fahimtar juna ne kawai. A Satumban 2023 Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham halastacciyar ƙwallo, mai tuta ya ɗaga, alƙalin da ke ɗakin VAR ya duba ya ga babu satar gida, amma da yake ya ɗauka an riga an amince da cin, sai ya ce ya gama bincike, aka ci gaba da wasa babu ƙwallo. Hukumar alƙalan ta fitar da sautin maganarsu ta amsa laifi. Na'ura ba ta yi kuskure ba a ranar.

Wani abin da ya kamata masu horar da yara su sani: kamfanin Genius Sports da ya kawo wa Firimiya tsarin gano satar gida a 2025, wanda wayoyin iPhone ne ma kyamarorinsa, shi ne kuma ke sayar wa kamfanonin caca bayanan wasannin gasar. Bayanan da ake tarawa a fili kasuwa ce babba, kuma wani reshe nata yana ƙarewa ne a wayar yaran da kake horarwa.

Tambaya: Ina shirya fim mai dogon zango ina sawa a YouTube. Wata ƙawata a Ingila tana sa bidiyon girki, masu kallona sun ninka nata sau da yawa, amma abin da ke shigo mata ya fi nawa. Ina so in fahimci yadda ake wannan lissafi. Daga wata furodusa, Kano.

Amsa: Hajiya, ba yawan kallo ake biya ba, talla ake biya, kuma talla gwanjonta ake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe bidiyonki, cikin ƙiftawar ido masu talla ke takara a kan wa zai nuna masa hajarsa, kowa yana tayawa gwargwadon abin da yake tsammanin samu daga aljihun wannan mai kallo. Kamfanin inshora ko banki a Landan zai taya da tsada, domin abokin ciniki ɗaya zai mayar masa da kuɗinsa ninkin-ba-ninki. Mai kallo a Gusau ko Damagaram masu takara a kansa kaɗan ne, da kuɗi mai rauni suke tayawa, wani lokaci ma babu tallan da za a nuna masa sam. Daga abin da aka samu a dogon bidiyo YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari ya riƙe 45. Don haka inda masu kallonki suke zaune ya fi yawansu tasiri, kuma idan kika buɗe shafin ƙididdiga na tasharki kika jera ƙasashe, za ki iya ganin 'yan tsirarun Hausawa mazauna Turai da Amurka da Saudiyya suna kawo abin da ya fi rabonsu a yawa.

Akwai ƙa'idoji da ke sauya fasalin fim ɗin kansa. Kafin a fara raba kuɗin talla da tasha sai ta samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ba a kuma turo kuɗi sai sun kai dala 100. Bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya sa wa talla a tsakiya, kuma na'urar da ke zaɓa wa mutane abin kallo ta fi tura wanda ke riƙe su tsawon lokaci. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masana'antar da ta tashi a kan kaset da faifan CD, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke yanke wa fim daraja, ta koma shiri mai kashi-kashi da ke fita duk mako, wani sa'in a ja zance ɗaya a falo na minti goma wanda minti biyu sun ishe shi. Ban ce laifin marubuta ne kaɗai ba, ma'aunin da ake biya da shi ne ya koya musu. Ki kuma sani cewa tun 2021 Google, mai YouTube, na cire harajin Amurka daga kuɗin da masu kallo na can suka kawo, kuma ga 'yan Najeriya kashi 30 ne, wanda bai cike takardar haraji ba kuwa ana iya cire masa daga dukan abin da ya samu.

Shawarata biyu ce. Ki nemi masu ɗaukar nauyi kai tsaye, masu turare da atamfa da kayan ɗaki da makarantu, domin su sun san darajar mai kallo Bahaushe fiye da yadda gwanjon ya san ta, kuma kuɗinsu ba a raba shi da kowa. Sannan ki sa ido a kan masu kwafe shirinki su ɗora a tasu tasha, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma tashar da aka kama sau uku ana iya rufe ta.

Tambaya: An turo mini waƙa a WhatsApp da muryar wani shahararren mawaƙin gargajiya da ya rasu shekaru da yawa, yana yabon ɗan siyasar da a lokacin rayuwarsa ko makaranta bai gama ba. Jikokina sun ce aikin kwamfuta ne. Haka abin ya kai? Daga wani dattijo, Kumasi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, jikokinka sun yi gaskiya. Ana ba manhajar ƙirƙirarriyar basira tsofaffin waƙoƙin mutum ta koyi kaurin muryarsa da yadda yake jan baiti, sai wani ya rera sabuwar waƙa da bakinsa, manhajar ta lulluɓe ta da muryar marigayin. A 2023 wata waƙa da aka yi da muryoyin bogi na shahararrun mawaƙa Drake da The Weeknd ta karaɗe intanet kafin kamfanin da ke riƙe da haƙƙinsu ya sa a sauke ta. A shekarar ce marubutan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa kuma na kwana 118, kuma cikin abin da 'yan wasan suka samu akwai sharaɗin kada a kwaikwayi fuska ko muryar mutum da na'ura sai da izininsa da biyansa. Jihar Tenesi ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ta sa murya cikin abin da mutum ya mallaka.

Ya kamata a bambanta wannan da gyaran tsohon sauti. A 2023 sauran mawaƙan Beatles sun yi amfani da irin wannan fasaha wajen tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset da ƙara ta cika, kuma murya tasa ce, kalmomin ma shi ya rera su. Irin wannan aiki zai yi wa tsofaffin faifan da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyonmu amfani ƙwarai. Wanda aka turo maka kuwa sa wa mamaci magana a baki ne, kuma a al'adar da yabon mawaƙi ke ɗaga darajar mutum a idon jama'a, satar wannan yabo ba wasa ba ne.

Hanyar da ka bi ka gane ita ce mafi inganci, wato auna abin da waƙa ta ƙunsa da shekarun da mawaƙin ya rayu. Bayan ita, ka saurari numfashi tsakanin baitoci, ka saurari ko 'yan amshi suna shigowa a kan gaɓa kamar mutanen da suka shekara tare, ka kuma saurari karin sauti da jan wasali, domin na'urar da ba ta ƙoshi da Hausa ba takan kasa raba garin da ake zama da garin da ake tuwo. Sai dai waɗannan alamu suna raguwa duk shekara, musamman idan wanda ya rera ta farko Bahaushe ne gwani. Idan kana da zumunci da iyalan marigayin, ka tura musu waƙar su sani, ka kuma ba su shawara su mayar da kaset ɗin da ke hannunsu kan kwamfuta, kowace waƙa a rubuta wanda aka yi wa ita da garin da shekarar, su ajiye kwafi a fiye da wuri ɗaya.